Bakanike ya ce ƙwaƙwalwar motata ta mutu: amsoshin tambayoyinku

Tambaya: Corolla ce da ni ƙirar 2008, shigowar Amurka. Da safe ta ƙi tashi, kik yana juyawa amma shiru. Bakanike bai yi minti biyar a kanta ba ya ce biren bokis ne, wato ƙwaƙwalwar mota, kwamfutar da ke sarrafa injin, in kawo kuɗi a tafi kasuwar kayan gyaran mota ta Ƙofar Ruwa. Kuɗin makarantar yara ne kawai a hannuna. (Wata malamar makaranta, Kano)

Malama, ki kwantar da hankalinki, ki fara biya wa yara kuɗinsu. Ƙwaƙwalwar mota ba ta cika mutuwa ba, kuma abubuwan da ke hana mota tashi alhali kik na juyawa suna da yawa, galibinsu masu araha: fiyus, rile, famfon mai, sansar da ke karanta juyawar injin, ko wayar da ta haɗa batir da bodi idan ta yi tsatsa. Ki murɗa makulli ba tare da kin tayar ba, ki kalli dashbod. Idan wutar cek, wato fitilar gargaɗin inji, ta kawo, alama ce ƙwaƙwalwar na samun wuta. Idan ba ta kawo ba, fiyus da waya za a fara bi.

Sannan a sa mata kwamfuta. Duk motar da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996 tana da soket mai ramuka 16 a ƙasan sitiyari. A lambobin matsala da kwamfutar ke fitarwa, irin P0335 sansa take nunawa, P0601 ko P0606 kuwa su ne ke nuni ga cikin ƙwaƙwalwar. Ki ce a nuna miki fuskar na'urar, ki ɗauki hoto da wayarki. Ba zan ɓoye miki ba, a 2010 kamfanin Toyota ya janye Corolla da Matrix ƙirar 2005 zuwa 2008 fiye da miliyan 1 a Amurka saboda tsagewa a cikin ƙwaƙwalwarsu, don haka mai yiwuwa bakaniken ya yi daidai. To amma canka ya yi, kuma kuɗinki ya fi ƙarfin canke.

Tambaya: An gwada, an tabbatar tawa ta ƙone. Sabuwa ta fi ƙarfina. In sayi ta Beljiyam? (Wani ɗan kasuwa, Kaduna)

Alhaji, saya, amma kafin ka nufi kasuwar Panteka amsa mini wannan: me ya ƙona ta? Nan ne nake ganin mutane suna zubar da kuɗi har ya ba ni haushi. Ƙwaƙwalwa ba ta ƙonewa haka siddan. Ko an yi jona da wata mota an juya kan batir, ko mai walda ya yi aiki a bodi bai cire batir ba, ko kwayil ya yi shot, ko kuma fiyus ya tsinke wani gwani ya naɗe shi da silin waya ya mayar. Ga kuma muguwar al'adar nan ta gareji, a cire kan batir injin yana aiki wai don a ga ko altaneta na caji. Wannan gwajin zamanin Fijo 504 ne. A motar yau, batir shi ke tare wutar da ke yin tsalle, ka cire shi ka bar ƙwaƙwalwa a fili. Mita ake sawa: injin na aiki ya kamata a ga tsakanin bolt 13.5 da 14.5. In ya haura 15, altanetar ce mai laifi, kuma za ta cinye wadda ka sayo kamar yadda ta cinye ta farko.

Sai kasuwa. Ba duk abin da aka kira Beljiyam ne ya ƙetaro teku ba. Akwai wadda aka ciro daga motar da ruwa ya ci, aka wanke aka shanya, akwai wadda aka buɗe aka yi wa faci aka sake manna mata takarda. Ka juya ta a hannunka. Dubi kan sukurori, ko sukundireba ya taɓa cinsu. Dubi ƙusoshin soket, in ka ga kore-kore ko fari-fari kamar gishiri, ruwa ya shiga, ajiye musu kayansu. Ka kai ta hanci ma, ƙauri ba ya ɓuya.

Ka tafi da tsohuwar, lambar jikinta ta yi daidai da ta sabuwar harafi da harafi. Ta Toyota yawanci da 89661 take farawa, ta Honda da 37820, amma abin da ya biyo baya shi ne magana. In makullinka mai cif ne, ƙwaƙwalwar ba za ta san shi ba sai an yi mata furogiramin, ko ka sayi saiti duka da makullinsa, kuma wannan kuɗi ne daban da masu sayarwa ba sa ambata sai ka biya. Kada ka ba da ko sisi sai da rasit da sharaɗin mayarwa a rubuce. “Ai mun saba” ba garanti ba ne. Tsohuwar kuma kada ka bar ta a gareji, sau da yawa ana iya gyara ta, in ka bari gobe ita za a sayar wa wani.

Tambaya: Abokina yana da ta Camry a ajiye, in sa a Corolla tawa mu gani? Ai duk Toyota ne.

Ka gani ɗin me? Injin daban, giya daban, tsarin waya daban. In ka yi sa'a soket ɗin ya ƙi shiga. In ba ka yi ba, ka ƙona taka da ta abokinka.

Tambaya: RAV4 ɗina ƙirar 2002 tana fizga idan za ta canza giya. An ce in sauke giyabos. (Wani direba, Jos)

Dakata tukuna, ɗan'uwa. Wannan na cikin wuraren da nake cewa a fara zargin ƙwaƙwalwa. RAV4 mai giyar otomatik ƙirar 2001 zuwa 2003 ta yi suna da wannan ciwo: ƙwaƙwalwar ce ke ba giya umarnin da ba daidai ba, mutane su canza giyabos mai tsada, fizgar ta dawo. A duba man giya, a sa kwamfuta, a gyara ko a canza ƙwaƙwalwar. Kuma ka ajiye motar har a yi, domin in ka ci gaba da hawa a haka, giyar ma za ta lalace da gaske.