Na rage cin waakye amma kiba ta daina raguwa

Tambaya: Likita ni fa wata uku kenan na rage waakye (shinkafa da wake) da tuwon dare, da farko zani ya fara min yawa yanzu kuma shiru, ga jin sanyi da kasala. Wata uwa daga Aboabo, Kumasi.

Amsa: Hajiya kitsen jiki ba a zaune yake kawai ba, yana fitar da wani sinadari, leftin, wanda aka gano a 1994, shi ke gaya wa kwakwalwa akwai ajiya. Kitse na raguwa leftin ya sauka, sai kwakwalwa ta dauka yunwa aka shiga ta rage wa tayirod aiki, wato wata halitta a makogwaro mai daidaita yadda jiki ke kona kuzari, sinadarinsa T3 ya ragu, jiki ya koma tsimin kuzari. Sanyin nan kuwa ki je a miki gwajin TSH tukuna, wato gwajin jini mai nuna yadda tayirod ke aiki, kar ki kara matse cikinki.