Kwanan farko a masaukin haɗaka a Dakar

Ƙanena, ka ce za ka bar Damagaram da jaka ɗaya a baya zuwa Dakar, yaya kwanan masaukin haɗaka yake. Wallahi daren farko ban runtsa ba, mu 8 ɗaki guda, gado bisa gado, wani na minshari wani ya kunna fitila ƙarfe 2, ni ko na cusa fasfo da kuɗina cikin riga. Sayi ɗan kwaɗo tun Kasuwar Dole don akwatin ajiya, kuma roƙi gadon ƙasa saboda tashin asuba. Sefarmu ake kashewa a Senegal, ba canji. Kar ka manta katin rigakafin shawara. Kewar gida kam sai rana ta 3 ta sake ni, da wani ɗan Mali ya kira ni shan shayi.