Sa wa fistol ƙota a Amurka: abin da doka ta ce da yadda mutanenmu ke yi

Malam, ka yi tambaya kan bidiyon nan da ke yawo a Facebook, inda ake zura fistol cikin wani kwanson roba mai ƙota, wato gindin da ake dogara wa kafaɗa, sai ta fito kamar doguwar bindiga: doka ta yarda ne, kuma Hausawan Amurka na yi?

Takardun mutum ake fara dubawa tun kafin a zo kan bindigar. Ɗan ƙasa da mai katin zama na dindindin suna iya saye a shago, bayan sun cike fam mai lamba 4473 an binciki tarihinsu, kuma fistol sai mai shekara 21 dillali zai sayar wa. Wanda ya shigo da bizar karatu ko ta ziyara an hana shi riƙe bindiga, sai da wasu 'yan togaciya kamar lasisin farauta. Mai katin zama kuwa, in kotu ta same shi da laifin makami, bayan ɗauri ana iya tasa ƙeyarsa zuwa gida. Shi ya sa dattawanmu na Bronx a birnin Niyok, 'yan zangon Gana da 'yan Nijar, ba su ma son a ɗauko zancen. A jihar Niyok ɗin ma samun lasisin fistol kaɗai jan aiki ne. Waɗanda ke taɓawa galibi suna jihohi irin Tekzas.

Dokar tarayya ta 1934, wadda aka yi wa gyare-gyare daga baya, ita ce ta gindaya iyaka. Duk wata raifil da ake dogara wa kafaɗa, dole bututunta ya kai inci 16, tsawonta duka kuma inci 26. Bututun fistol irin Glock 19 inci 4 ne. Saboda haka da zarar ka maƙala mata ƙota, ta koma gajeriyar raifil, wadda sai an yi rajistarta a ATF, hukumar tarayya mai kula da bindigogi, da hoto da zanen yatsu, kuma sai amincewa ta fito kafin a haɗa. Harajin dala 200 ne tun 1934, daga farkon 2026 aka mai da shi sifili, amma rajistar na nan daram. Wanda ya tsallake ta yana iya shan ɗaurin shekara 10. Ko mariƙi a tsaye ka ɗaura a gaban fistol, shi ma ya sauya mata aji a idon doka.

Hanyar da ba ta buƙatar rajistar tarayya ita ce a fara sa bututu mai inci 16, sannan ƙota ta biyo baya. Wajen kwancewa kuma ƙota ce ke fara fita. Nan mutane ke faɗawa rami: kada a taɓa samun ƙota da gajeren bututu a jiki ɗaya, ko na minti guda. Ana auna bututun ne da siririyar sanda, a zura daga baki har ta taɓa murfin baya a rufe. Kotun Ƙoli ta taɓa batun a shari'ar kamfanin Thompson/Center a 1992, sannan a 2011 ATF ta fayyace cewa wadda aka ƙera a matsayin fistol tana iya zama raifil ta sake komawa. Wadda aka ƙera a matsayin raifil kuwa ba ta da wannan dama. Akwai kuma madogarar damtse da ake sawa maimakon ƙota: a 2023 ATF ta shigar da yawancinsu ajin gajeriyar raifil, a 2024 wata kotun tarayya a Tekzas ta soke ƙa'idar.

Amfanin kuwa, a ganinmu, bai kai hayaniyar ba. Kwanso irin Roni ba ya ƙara wa harsashi ƙarfi ko kaɗan, tunda bututun bai canza ba. Abin da ya ƙaru saiti ne, don kafaɗa da kunci da hannu biyu sun fi hannu kaɗai tsayuwa. Da dogon bututu, harsashi mai milimita 9 yana ƙara gudu da kamar ƙafa 100 zuwa 200 a daƙiƙa, ba zai zama na raifil ba. Matsalolinsa kuma sanannu ne. Madubin saiti yana kan kwanso, bindiga tana ciki, don haka duk cirewa da mayarwa saitin na iya gocewa. Hayaƙin albarushi na taruwa a ciki ya yi baƙin datti. Bututu mai nauyi kuma kan hana saman fistol ja da baya sosai, sai ɓawon harsashi ya maƙale. In ka haɗa kuɗin kayan, sau da yawa ka kai kuɗin Ruger PC Carbine ko Kel-Tec Sub-2000, waɗanda tun daga masana'anta aka yi su da dogon bututu.

Da ka ce a turo maka ɗaya, a'a Malam. Fitar da sassan bindiga daga Amurka ba lasisi laifi ne, ko a akwatin tsaraba. A gida Najeriya kuma dokar makamai ta 1959 ta sa fistol cikin haramtattun bindigogi, waɗanda lasisinsu ke hannun Shugaban Ƙasa, kuma sa mata ƙota ba ya fitar da ita daga wannan ajin.