Abin da ya riƙe Pet Shop Boys har yau

Ɗan'uwa, ka tambayi dalilin da ya sa Pet Shop Boys, mawaƙan nan biyu na Birtaniya, ba su rabu ba har yanzu. A ganina, rabon aiki ne ya riƙe su. Neil Tennant da Chris Lowe sun haɗu a 1981 a wani shagon kayan lantarki a Landan. Tennant, wanda ya yi aikin jarida a mujallar Smash Hits, shi ke rerawa da rubuta yawancin baitoci. Lowe kuwa yana can baya yana danna na'urar kiɗa, da hula da tabarau, murmushi ma sai da ƙyar. Ba mai shiga gonar wani. Waƙarsu "West End Girls" ta zo ta ɗaya a Birtaniya da Amurka a 1986, kuma ko a 2024 sun fitar da sabon kundi, Nonetheless.