Na'urar Gem Ta Tsaya: Laifin Wa, Kuma Wa Zai Biya Gyara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Wata goma ke nan da sayen na'urar gem ɗina. Ana cikin wasa ta ɗauke, yanzu in an kunna sai wuta ta riƙa ƙiftawa, babu hoto. An ce in kai a hura mata zafi da injin masu gyaran waya. In kai?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, dakata tukuna. Yawancin kamfanoni garantin shekara guda suke bayarwa daga ranar saye, ke nan kana da sauran wata biyu. Da zarar an hura wa fanel (allon da kayan lantarkin ciki ke kai) zafi ya canza launi, ka ba kamfanin hujjar cewa ɓarnar daga gare ka take.

Fara da abin da ba ya buƙatar sukudireba. Zare wayar wuta daga soket, ka bar ta minti biyar. Canza wayar HDMI, wato wadda ke kai hoto talabijin, ka gwada wani ramin a jikin talabijin. Haska ramin HDMI na na'urar da tocila: siraran haƙora 19 ne a ciki, in ɗaya ya lanƙwashe ko ya lotsa, hoto ba zai fito ba ko da komai lafiya yake. Idan PlayStation 4 ko 5 ce, danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa bakwai har ka ji ƙara ta biyu. In allon gyara ya bayyana, ƙwaƙwalwar na'urar na raye, matsalar ta fi kama da ta manhaja ko ma'ajiyar bayanai.

Batun hura zafi kuwa, ga abin da ke faruwa. Ƙwaƙwalwar tana zaune ne a kan ɗaruruwan ƙananan ƙwayoyin dalma. Duk kunnawa ƙarfen ya buɗe, duk kashewa ya tsuke, a kwana a tashi har wata mahaɗa ta tsage. Zafin yana sa tsagin ya sake haɗuwa na ɗan lokaci, sai na'urar ta tashi, mai ita ya yi murna, bayan makonni ta koma gidan jiya, sau da yawa da ƙarin lahani.

Wannan ciwon ne ya addabi Xbox 360 da ta fito a 2005, wadda fitilu uku ja ke kamawa a kewayen maɓallinta. Mutane har naɗe ta suke yi da tawul don ta ɗau zafi. A Yulin 2007 Microsoft, kamfanin da ya ƙera ta, ya amince cewa matsalar ta wuce kima, ya tsawaita garantin wannan lahani zuwa shekara uku, ya ware sama da dala biliyan ɗaya, ya kuma mayar wa waɗanda suka riga suka biya gyara kuɗinsu. Haka ya kamata. Lahanin da aka fito da shi daga masana'anta nauyin mai ƙerawa ne, bai kamata mai saye ya ɗauka ba. Nemo rasidinka, ɗauki hoton lambar jikin na'urar da bidiyon yadda take yi, sannan ka tuntuɓi wanda ya sayar maka.

Tambaya: Ɗana na kukan cewa ɗan wasansa na tafiya shi kaɗai a allo ba tare da ya taɓa analog ba, wato 'yar sandar da ake tura ɗan wasa da ita. Shi ya lalata hannun gem ɗin?

Amsa: Hajiya, da wuya laifinsa ne. A ƙarƙashin kowane analog akwai ƙananan ma'aunai biyu, ɗaya na hagu da dama, ɗaya na sama da ƙasa. A cikin kowanne wani siririn ƙarfe ne ke goga a kan baƙin layin gawayi. Yau da gobe layin na cinyewa, garinsa ya taru tare da ƙura, sai na'urar ta ɗauka ana tura sandar alhali tana tsaye. Ki sa ya sake daidaita analog ɗin a cikin saiti, ya ɗan faɗaɗa da'irar tsakiya da wasan ba ya jin motsi a cikinta. Ana iya ɗiga ɗan sinadarin isopropyl na goge kayan lantarki a gindin sandar, a juya ta sau ashirin, a bari ta bushe. Kada a fesa mai. In abin ya dawo, sai canjin ma'aunin, kuma in da hali a sa mai aiki da maganaɗisu, wanda babu guga a cikinsa.

Shi ma wannan an taɓa matsa wa kamfani lamba a kansa. Joy-Con, hannun gem na Nintendo Switch wadda ta fito a 2017, ya yi ƙaurin suna da wannan matsala, har a 2023 kamfanin ya amince da gyara shi kyauta a Turai ko da garanti ya ƙare.

Tambaya: Daga wata ƙasa aka kawo mini tawa, kuma akwai sitika a kan noti da ke cewa in an ɓare ta garanti ya ɓaci. Ina matsayina?

Amsa: Magana biyu ce, ɗan'uwa. Sitikar ta danganta da dokar inda aka saya. A Amurka, hukumar FTC mai kare haƙƙin masu saye ta gargaɗi Sony da Microsoft da Nintendo a 2018 cewa irin wannan sharaɗi ya saɓa wa dokar garanti ta 1975. A Tarayyar Turai kuma mai sayarwa na da alhakin lahani na aƙalla shekara biyu, ban da garantin kamfani. Amma babu inda garanti ya ɗauki ɓarnar da hannunka ya yi, ko faɗuwa, ko ruwa, ko ƙonewar wutar da ta zo da ƙarfi.

Ta biyun ta fi ciwo: garanti galibi a yankin da aka sayar da na'urar kaɗai yake aiki. Don haka karanta takardar da ke cikin kwalin, ka kuma duba rubutun bayan na'urar kafin ka jona. In ƙarfin wuta 100 zuwa 240V aka rubuta, babu damuwa. In 110 ko 120 kaɗai ka gani alhali soket ɗinka 220 ne, sai da taransifoma.

Tambaya: Fankar tawa na ƙugi kamar za ta tashi sama. Mutuwa za ta yi?

Amsa: Ba lalle ba, numfashi take nema. Ba ta tazarar aƙalla santimita 10 daga bango, fitar da ita daga rufaffen kabad, ka ɗauke ta daga kan kafet. Kashe ta, zare wuta, ka share ramukan iska da buroshi mai laushi. In za ka hura iska, tokare fankar da tsinke don kada ta yi juyin da zai cinye ta. PlayStation 5 kuma ruwan ƙarfe aka sa tsakanin ƙwaƙwalwarta da ƙarfen sanyaya, kuma yana ɗaukar lantarki. Ɗigo guda a kan fanel ya isa ya kashe ta, saboda haka cire murfin waje ka tsaya nan, sauran aikin na ƙwararre ne.