Ha Long: In Kwana a Jirgin Ruwa ko In Je In Dawo?

Tambaya: Aiki zai kai ni Hanoi, babban birnin Biyetnam, kuma zan samu rarar kwana biyu. An ce kada in dawo ban ga mashigin tekun Ha Long ba. In yi zuwan yini ne, ko in kwana a jirgi? Ban taɓa hawa teku ba, ga kuma batun abinci da sallah.

Amsa: Malam, in aljihu zai ɗauka, ka kwana. Daga Hanoi zuwa tashar jiragen ruwa ta Tuan Chau tafiyar awa biyu da rabi ce a mota. Mai zuwan yini yakan isa da rana tsaka, lokacin da jirage suka yi cincirindo, ya leƙa kogo ɗaya a guje, a juyo da shi. Alhali kyan wurin nan, mai tsibiran dutse sama da 1,600 da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1994, sai da magariba da asuba yake fitowa.

Amma ka san abin da kake saya. Abin da suke kira "yini biyu, dare ɗaya" bai cika awa 24 ba: a ɗauke ka da tsakar rana, a sauke ka washegari kafin azahar. A ciki za a kai ka kogon Sung Sot, sannan tsibirin Ti Top, wanda ya ci sunan ɗan sama-jannatin Tarayyar Sobiyet Gherman Titov da ya je can tare da Ho Chi Minh, shugaban Biyetnam ta Arewa na lokacin, a 1962. Matakala wajen 400 ce zuwa ƙolinsa, sai ka sa takalmi mai riƙe ƙafa. Da yamma jirgin zai tsaya a tsakanin duwatsu ya kwana. Ni dai abin da ya tsaya mini a rai shi ne bayan sallar asuba: inji a kashe, hazo kwance kan ruwa, duwatsun suna ɓullowa ɗaya bayan ɗaya, ga wata mata a ƙaramin kwale-kwale ta tuƙo har gindin jirgi tana miƙo biskit da ruwan gora a cikin raga mai dogon mariƙi. Mai cewa taron jama'a ya dame shi, ya nemi jirgin da ke bi ta Lan Ha ko Bai Tu Long, mashigan teku biyu da ke maƙwabtaka da Ha Long.

Hajijiyar teku ba ta cika damun mutane a nan ba, domin tsibiran sun tare igiyar ruwa. Abin da nake so ka ba muhimmanci shi ne lokaci da ingancin jirgi. Daga Yuli zuwa Satumba ake fama da guguwa, kuma hukumar tasha takan hana fita ba zato. A Yulin 2025 hadari ya kifar da wani jirgin masu yawon buɗe ido, mutum fiye da 30 suka rasu. A Fabrairun 2011 ma wani jirgin kwana ya nitse, mutum 12 suka mutu, akasarinsu suna barci. Don haka kada arha ta ja ka. Oktoba da Nuwamba sun fi, sai Afrilu. Kana shiga ɗakinka ka nemo rigar ceto, ka gwada taga, ka gane hanyar fita. Kafin ka biya kuma, a rubuta maka yadda za a mayar da kuɗinka in an soke tafiyar.

Abinci kuwa, naman alade ya yawaita a girkinsu, har cikin romo da cikin abin da ake naɗewa a soya. Ka sanar tun wajen yin rajista cewa kifi, jatan lande, shinkafa da ganye kawai kake ci, ka kuma sake faɗa wa mai kula da jirgin baki da baki. Alƙibla daga can tana yamma, ɗan karkata arewa. Jirgin da ke tsaye yakan juya da ruwa a hankali, saboda haka duk sallah ka sake duba kamfas ɗin wayarka kafin ka shimfiɗa darduma.