Me ya sa shinkafa ba ta sauka ba bayan cire haraji?

Malam, ka tambaya: tunda gwamnatin Najeriya ta cire harajin shigo da shinkafa a 2024, me ya hana farashin buhu sauka nan take? Amsa ita ce kayan da ke kasuwa a lokacin an saye su ne da tsohon farashi, kuma babu ɗan kasuwar da zai karyar da abin da ke sito a kan faɗuwa. Sabon kaya kuwa sai an buɗe Form M (takardar izinin shigo da kaya) a banki, an samo dala, an yi lodi a Indiya ko Tailan, jirgin ruwa ya yi sama da wata guda kafin ya iso tashar Apapa da ke Legas, sannan a fitar, a ɗora a tirela zuwa Kano. Wata biyu zuwa uku sun tafi ke nan.

Sharaɗin ma ya takura sosai. Sassaucin bai shafi gogaggiyar shinkafa ba, sai wadda aka cire wa ƙaiƙayi kawai, kuma sai mai injin da ke sarrafa aƙalla tan 100 a rana ne aka ba dama, wa'adin kuma ya ƙare 31 ga Disamba, 2024. Manya ƙalilan ne suka shigo da ita, to wa zai matsa musu su rage? Ga kuɗin dizil da gogewa da buhu. Sannan dala ta haura naira 1,500 a lokacin, ta rage amfanin rangwamen tun kayan ba su bar teku ba.